Kaka, Wanda Ya Ɓatar da Iyakar Gonarsa

Mai abu ya karɓi abinsa. Kaka, mahaifin Innata, ya rasu ranar wata Laraba da hantsi, cikin bazara, a zauren gidansa da ke ƙauyenmu tsakanin Kurawa da Turba. Ya sha furarsa, ya yi mini gori a kan tumbina, ya ce za shi ɗan kishingiɗa, shi ke nan. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Kafin azahar mun kai shi makwancinsa.

Duk wanda ya san ni ya san ina da ƙarin gishiri. In na ga kifi kamar tafin hannu a gulbi, kafin in iso gida ya kai ɗan maraƙi. Saboda haka abin da za ni faɗa a kan jana'izar nan, mai karatu ya rage kashi ɗaya cikin uku. Amma ko an rage, jama'a ta taru. An zo daga Kamarawa, an zo daga Isa da Sabon Birni, abokan fataucina sun tsallako daga Nijar, duk da yadda hanya ta zama a shekarun nan, da mutum sai ya tambaya kafin ya fita.

Ardo, shugaban rugar da ke gabas da mu, ya zo da mutanensa suka zauna can ƙarshen tabarma. Tsoho ne mai tsada da magana. Sai da za shi tashi ya ce, "Shanuna sun yi maraici." Wani maharbi na garinmu, wanda Kaka ya taɓa tuge wa tarkuna, shi ya fi kowa kuka, har sai da Liman ya dafa shi. Inna kuwa ba ta yi kuka a gabanmu ba. Da aka ɗauko gawa abin da ta ce kawai shi ne, "Ku ɗauke burgaminai daga rana, iri na ciki." Burgami jakar fatar akuya ce da Kaka yake ratayawa ko'ina za shi.

Ni kuma na yi yini guda ban ce uffan ba. Abin ya tayar wa mutane da hankali fiye da rasuwar, don ita an san za ta zo. Liman har ya aiko a duba ko na bi tsohon.

Ranar sadakar uku Kawu, babba cikin 'ya'yan Kaka maza, ya ja ni bayan rumbu. Ya ce, "Gonar tsoho ta bakin Rami, bana za ni noma ta."

Kawu ba mugu ba ne. Gonakinsa suna can cikin daji, inda shekara uku ke nan ba mai iya zuwa ya dawo da kwanciyar hankali, ga gida cike da bakuna. Gonar Kaka kuwa tana nan kusa, ana hango ta daga bakin gari. Sai dai ta cikinta shanu suke bi su sha ruwa a hurumin da Kaka ya ƙare rayuwarsa yana rayawa. In aka shuka ta, hanyar ruwa ta toshe, kuma kowa a ƙasar nan ya san abin da ke biyo baya in saniya ta taka gero.

Na ce, "Kawu, gonar ga ai Kaka ya ba da ita sadaka ga hurumi."

"Gaban wa?"

"Gabana."

Sai ya yi dariya, ta farko tun da aka yi rasuwar. "Kai? Kai da kac ce ka ga kada ta haɗiye babur da mai shi? Mu haɗu ran bakwai gaban Liman."

Kafin in kai ga ranar bakwai, dole in faɗi mene ne Rami, da yadda Kaka ya shiga cikinsa.

Da can wurin hurumi ne, filin da gari ya keɓe don kiwo, ba mai noma shi. Muna yara mun ci magarya da aduwa a ciki har haƙoranmu suka mutu. Shekaru goma sha wani abu da suka wuce sai ga waɗansu mutanen kamfani da takarda da katafila, wai akwai kwal a ƙarƙashinsa. Muka yi murna. Ni da kaina na shaida wa mutanen kasuwar Isa cewa baɗi warhaka jakunan garinmu ma takalmi za su riƙa sawa.

Kaka ne kaɗai bai yi murna ba, don shi ya san kwal. Yana tsakiyar ƙarfinsa ya yi aikin haƙarsa can arewa da Agadas, a Nijar, ƙasar da har ya mutu yake kira Faransa. Daga can ya zo da tarin da bai taɓa rabuwa da shi ba, da kalmomi biyu: kwal a bakinsa sharbo ne, babbar mota kuma kamiyo. Ya sha faɗa mini cewa a can, in an ɗan sami ruwa, tudu ɗaya tak yake yin kore, tsohon tarin ƙasar sama da aka ture gefe ranar farko. Sauran duk baƙi ƙirin.

"Ƙasa fata gare ta, abokina," in ji shi. Abokina yake kirana, kamar yadda kakanni ke yi wa jikokinsu. "Taƙi guda ce. Iri na ciki, saiwa na ciki, ƙwari na ciki. Abin da ag ƙasanta ƙashi ne."

Ranar da katafila za ta fara aiki, Kaka ya je ya tsaya gabanta da ƙwaryar fura a hannu ɗaya, zakara a ɗayan. Ya roƙi direban ya fara kankare saman ƙasar, taƙi guda, ya tara masa ita wuri ɗaya ta gabas, kafin ya nutsa. Direban ya dubi furar, ya dubi zakaran, ya dubi tsohon, ya ga dai mahaukacin ba mai duka ba ne. Ya yi masa. Kwana tara yana kankara, kwana tara Kaka yana kai fura. Aka sami wani tudu da ya fi masallacinmu tsawo, ko kuma dai ya kai rabinsa. Gari ya sa masa suna Tudun Kaka. Ya kewaye shi da ƙaya, ya watsa masa wake don kada ruwa ya wanke shi, yana zagaya shi safe da yamma kamar mai jinya.

A nan ne na yi laifina na farko. Ƙasar tudun nan baƙa ce, mai laushi, mai ƙamshi, ni kuma ga gonata ta bayan gida ta gaji. Ranar da Kaka ya tafi taron suna a Turba, na ɗaura wa shanu amalanke da rana tsaka, na kwashi lodi uku. Na manta amalanke yana barin sawu. La'asar na yi sai ga shi a ƙofar gidana.

"Nawa kaɗ ɗiba?"

"Biyu, Kaka."

Ya dube ni. Ya ce, "To. Mai da biyu."

Na mayar da biyu. Na ukun na riga na baza shi a kusurwar gona, na rufa wa kaina asiri. Har yau geron kusurwar nan ya fi na ko'ina zangarniya, mutane suna tambayata sirrin, ina ce musu addu'a ce. Kaka ya yi mako guda bai yi mini magana ba. Na je na tsokane shi da cewa za ni aure masa mata, ko kallona bai yi ba. Duka ya fi mini sauƙi.

Kamfani ya yi rani biyu ya gano kwal ɗin siriri ne, hayaƙinsa ya fi wutarsa. Wata safiya muka tashi ba katafila, ba kamiyo. Suka bar mana ramuka uku, da tsibin baƙar ƙasa mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Damina ta cika ramukan da wani ruwa ja-ja wanda ko kare ba ya lasa. Gefensu a tsaye yake kamar bangon rijiya. Wata saniyar Ardo mai ciki ta zame ta faɗa babban, muna tsaye muna kallo, ba yadda za mu yi. Daga nan sunan hurumi ya ɓace, sai dai a ce Rami. Shanun ruga suka rasa wurin tsayawa, suka koma bin gefen gonaki, mai gari ya koma ba shi da aiki sai rabon faɗa.

Kaka ya bi mai gari har ya gaji ya yarda a kira gayya a cike ramukan. Ranar gayya zazzaɓi ya kwantar da tsohon, ya aiko cewa a jira shi. Wa zai jira? Ga matasa sun fito da shebur da kwanduna, ga makaɗi ya zo, ya kuma fara da kirarina. Kaina ya kumbura. Na dubi baƙin tsibi, ya daskare kamar ƙarfe, sai an sa diga. Na dubi Tudun Kaka, ga shi dab da ƙaramin rami, laushi kamar gari. Mu kuwa tun da muka tashi, in za a cike rami, ƙasar da ta fi kusa ita ake fara turawa. Na ɗaga hannu na ce, "Ku fara da mai taushi!"

Wallahi an yi aiki ran nan. Kafin rana ta take, kashi ɗaya cikin uku na tudun ya koma ƙasan rami, mun kuma bi shi da baƙar ƙasa har tsayin mutum, mun tattake. Ina tsaye a kai ina rawa sai ga Kaka bisa jaki, an lulluɓe shi da bargo.

Ya sauka. Ya dubi inda tudunsa ya ɓare, ya dubi ƙarƙashin ƙafata. Makaɗi ya yi shiru da kansa. Kaka ya duƙa ya damƙi baƙar ƙasar ya shinshina, ya watsar.

"Abokina," ya ce, "in Innarka ta tuƙa tuwo, miya taka zubawa ƙasan akushi ta danne ta da tuwo?"

Ba wanda ya yi dariya. Na ce a tono. Ya ce ta riga ta gauraye, an binne ta da ranta. Ya zauna a ƙasa, hawaye na bin gemunsa, mutumin da ko ranar da matarsa ta rasu ban ga hawayensa ba. Sannan ya share ido ya ce, "To, saura biyu cikin ukku. Ku zo in gwada muku."

Wurin nan har yau bai fid da ko tsinke ba. Faɗinsa ya kai masussuka biyu, yana ƙyalli a tsakiyar ciyawa. Shekarar ce kuma gashin kaina ya fara zubewa, sai gari ya haɗa mu suna: Sanƙo. In baƙo ya tambayi hanya, sai a ce ya bi ta Sanƙo, in ya ga mai shi ya gaishe shi.

Abin da ya gwada mana mai sauƙi ne, wuyarsa jinkiri. Baƙa a ƙasa, ja a bisanta, sannan ƙasar tudu a shafa sama-sama kamar man shanu a bakin jariri. Da ta kasa, sai ya koya mana tassa, irin ƙananan ramukan da ya gani wajen mutanen Tawa a Nijar: a haƙa kamar ƙwarya, a zuba taki cikin tafi guda, a bar ruwan sama ya taru a ciki. Ya je wurin Ardo ya roƙe shi, in shanu sun yi kiwo a wuri mai kyakkyawar ciyawa, a kawo su su kwana a kan sabuwar ƙasar, don iri yana fitowa cikin kashinsu da ransa. Ardo, wanda bai manta da saniyarsa ba, ya ce, "Ciyawa bisa gawayi?" Amma ya kawo su.

Babban ramin kuwa ya hana a cike shi. Ya sa aka sassare gefensa ya kwanta, yadda tsohuwar saniya za ta sauka ta hau ba tare da ta durƙusa ba. Ruwan ne ya rage. Sai Kaka ya shiga bin gidaje yana barar toka. Mata suka riƙa jin sallamarsa suna cewa ga almajirin murhu ya zo. Toka da farar ƙasa, jaki bayan jaki, yana zubawa a ruwa. Na ce masa, "Kaka, in miya kaka haɗawa, a kawo ma daddawa." Ya ce in kawo, in kuma shiga ciki a sami nama.

A damina ta uku, da sassafe, ya buga mini ƙofa da sanda kamar gobara ta tashi.

"Taso! Baƙi sun zo!"

Na fito ina ɗaura wando, na ɗauka mahajjata ne. Ya ja ni har bakin ruwa. Kwaɗi ne. Kwaɗi uku, ko huɗu, suna zaune a tabo suna hura wuya. Ya tsuguna yana yi musu sannu da zuwa, yana tambayarsu hanya. Ya ce in kwaɗo ya yarda da ruwa, saniya ma ta yarda. Kwana biyu bayan haka Ardo ya sauko da bijiminsa da kansa, ya tsaya yana kallo har ya sha ya ɗaga kai.

Irin ciyawa kuwa, wurin tururuwa yake samo shi. Mahaifiyarsa, a wata shekarar yunwa tun yana yaro, da rumbun tururuwa ta ciyar da su: ta tona gidansu ta kwashe tsabar da suka tara. Kaka ya tuna da wannan. Bayan girbi sai ya ɗauki burgami ya bi daji yana neman gidajen tururuwa, don su ba sa tara iri sai wanda ya nuna. Ƙyasuwa, harƙiya, burburwa, komayya, duk suna ciki. Rabi yake ɗiba, ya mai da ƙasa, sannan ya zuba musu gero cikin tafi a bakin rami. Na ce, "Kaka, ciniki kaka yi da ƙwari?" Ya ce, "Su sunka yi aikin. Kai da an ɗebe ma rumbu ba a bar ma komi ba, da Sakkwato ta ji kukanka."

A hankali wuri ya rufe. Sabara da kalgo suka tsiro, bagaruwa ta biyo kashin awaki, magarya ta dawo. Ya kafa doka shi da Ardo: ba dabbar da za ta shiga sai ciyawa ta zubar da iri. Shi ke zuwa ya murza kan ciyawa a tafinsa, in tsaba ta zubo ya ɗaga sanda, a saki shanu. Zomo ya dawo, bushiya ta dawo, fakara ta fara kuka da safe. Wata shekara gauraka biyu suka sauka bakin ruwa. Ni na ce arba'in ne, amma biyu ne.

Da zabin daji suka dawo sai maharbin nan ya dasa musu tarkuna. Kaka ya bi ya tuge su duka, ya kai masa har gida, ya haɗa masa da kazarsa guda. Maharbi ya hau faɗa, wai daji na Allah ne. Kaka ya ce, "Awo, na Allah ne. Ci kaza, ka ba su shekara ukku su yi yawa." Maharbi ya ci kaza yana zagi. Bayan shekara uku shi ne ya zama mai korar yara daga ƙwan zabi, har yanzu kuma shi ne.

Daminar bara muna zaune ni da shi a gindin aduwar da ke bakin gonarsa, ya daɗe da daina noma ta, shanu na wucewa ta gabanmu za su ruwa. Sai ya ce, "Gonar ga na ba hurumi, har abada. Ka shaida."

Na ce, "Ni? Kaka, kira Liman mana."

"Liman na da aiki. Kai ba ka da shi."

"Ba mai yarda da maganata, ka sani."

"Na sani," ya ce, yana dariya har tari ya sarƙe shi. "Na yi dabara."

Na ɗauka wasanmu ne na kullum.

To, ranar bakwai ta zo. Bayan an yi addu'a an raba waina, Kawu ya kawo maganar a gaban Liman da mai gari da dattawa. Na miƙe na ba da shaidata, kuma tun da aka haife ni ban taɓa faɗin magana tsirara haka ba, ko gishiri ɗaya ban sa mata ba. Aka yi dariya. Wani ya ce, "Gaurakan nan arba'in suna wurin sad da yab ba da ita?" Aka ƙara fashewa. Na tsaya ina jin abin da bakina ya saya mini cikin shekara arba'in da ɗoriya. Ardo yana can gefe, kansa a sunkuye, don ya san in gonar ta tafi, ruwan ya tafi.

Liman ya ce shaidar mutum ɗaya ba ta wadatar, ko da mutumin ba ni ba ne. Ya ce a je a ga gonar, a san faɗinta, sannan a yi magana. Muka ɗunguma, har da Inna, wadda ta yafa mayafi ta biyo mu ba wanda ya kira ta.

A ƙasarmu da gamba ake yin iyakar gona. Layi guda ake dasawa, kuma ko gobara ta cinye ta, kututturenta na nan, jikoki su zo su same shi. Kawu ya ce ya san iyakar kamar tafin hannunsa: daga aduwa zuwa suri, layin gamba ne, shi ya taya tsoho dasa shi yana saurayi. Ya tsaya a gindin aduwa ya miƙa hannu.

Gamba ce ko'ina. Gabas gamba, yamma gamba, daga ƙafarsa har bakin ruwa, kututture bayan kututture, ba layi, ba tsari. Ya nufi inda yake zaton suri yake, ya tarar da suri uku. Ya dawo ya sake farawa. Ya yi haka sau huɗu, babbar rigarsa tana kwasar ƙarangiya. A na huɗun garken zabi ya tashi fir daga gabansa, ya ja da baya har hularsa ta faɗi.

Sai Inna ta yi magana. Ita ce babba, Kawu ƙanenta ne.

"Bar wahal da kanka. Damana ukku ina kawo mai abinci nan, ina ganinai. Shi yat tuge gambar iyaka da hannunai, tushe-tushe, shina tsagawa shina dasawa ko'ina. Nic ce, Baba, yaya za a gane gonarka? Yac ce, ba a ganewa."

Liman ya shafa gemu ya ce shi dai bai taɓa ganin mutumin da yake nufin 'ya'yansa su gaji gona ya tuge iyakarta da kansa ba. Ya ce ga maganar jika, ga maganar ɗiya, ga kuma aikin hannun mamaci a gabanmu. Amma ya juya ga Kawu ya ce haƙƙi nasa ne, shi za shi faɗa.

Kawu ya zauna a gindin aduwa, daidai inda tsohon yake zama. Ya daɗe yana cire ƙarangiya daga rigarsa ɗaya-ɗaya. Da ya ɗaga kai idonsa ya yi ja.

"Na ji. Na bar ta. To ni mi za ni ba iyalina bana?"

Tambayar gaskiya ce. Sai na ji bakina ya buɗe, kamar yadda ya saba, ba tare da ya yi shawara da ni ba.

"Kawu, ga gonata ta bayan gida. Noma ta har daji ya lafa. Ni ina da fatauci."

"Wannan ma cikin labarunka ne?"

Na ce Liman ya shaida, mai gari ya shaida, Ardo ya shaida, har zabin nan su shaida. Wannan karon da aka yi dariya, da ni aka yi ta. Da na koma gida na faɗa wa maiɗakina, ita ba ta yi dariya ba sai bayan kwana biyu, amma wannan wani labari ne.

Inna ta ba ni burgamin. Ta ce tsoho ya ce nawa ne, tare da Sanƙo. Gadon da na samu ke nan: jakar fatar akuya mai warin shekara ashirin, da filin da ko tururuwa ba ta ratsa shi.

Ruwan farko ya sauka makonni uku bayan haka. Da safe na ɗauki fartanya da burgami na tafi Sanƙo, na fara haƙa tassa. Ƙasar tana mayar mini da fartanya kamar ina saran dutse. Na haƙa bakwai, tumbina ya ce ya isa. Ina zaune ina haki sai na ji ƙarar amalanke. Kawu ne, yana jan shanu, amalanken cike da ƙasa baƙa mai laushi. Tun daga nesa na gane ƙamshinta.

Ya tsaya a tsakiyar Sanƙo ya zare sakata, ƙasar ta zube a gabana.

"Daga kusurwar gonarka ta gabas," ya ce. "Ga na ukkun."

Ya dube ni ya ci gaba.

"Tsoho ya hwaɗa min tun shekarar. Yac ce ukku kaɗ ɗiba, sawu ukku yag gani. Yac ce a bar ka, ƙasar ba ta ɓata ba, ajiya ce, wata rana tana komowa." Ya miƙo mini shebur. "Tashi. Kuma wagga karon, bisa aka zuba ta."

Muka baza ta sama-sama, ni da shi, taƙi bai kai ba, rabin taƙi ma da ƙyar. Ba ta rufe ko kashi ɗaya cikin goma na wurin ba. Na kwance bakin burgami na watsa irin da Kaka ya sayo wurin tururuwa da geronsa. Yau kwana goma sha biyu ke nan, kuma jiya na ƙirga tsiro goma sha tara. Na kira maharbi ya ƙirga da kansa, don kada a ce ni na faɗa. Ya sami ashirin da ɗaya.

Allah Ya jiƙan Kaka, Ya yafe masa, Ya sanyaya masa ƙasar da ya kwanta a ciki kamar yadda ya sanyaya wadda ya bari. Duk saniyar da ta sha ruwan nan, duk tsuntsun da ya yi ƙwai cikin gambar nan, Allah Ya kai ladan kabarinsa. Mu kuma Ya ba mu ikon riƙe abin da ya bar mana. Amin.